Ran da Mahfuzu Ya Yi wa Bikili Takalmi

Na fara ganin Mahfuzu ne a bakin rijiyar gangare, ran da gugana ya tsinke ya faɗa ciki. Ina tsaye da guntun igiya a hannu ina tunanin faɗan da zan sha a gida, sai ga wani saurayi da baƙin gilashi da jaket ta fata, cikin zafin bazarar nan da ko jaki inuwa yake nema. Ya leƙa rijiyar, ya dube ni, ya ce, "Kwantar da hankalinki, ƙanwata. A Libiya mota nika hiddawa daga rami, balle guga."

Ya aro ƙugiyar maƙwabta ya zura. Ƙugiya ta bi guga. Ya sunkuya ya ga inda ta shiga, gilashi ya bi ƙugiya. Ya ce bari ya sauka da kansa, takalminsa ɗaya ya riga shi, shi kuma aka jawo shi da jaket. Mata suna ta dariya har da riƙe ciki. Ya tsaya da ƙafa ɗaya ba takalmi ya ce mini, "Rijiyar ga ba a gina ta bisa ƙa'ida ba." Sannan ya yi murmushi mai wushirya, kamar shi ma ya san ƙarya yake yi, yana kuma gayyata ta mu yi ta tare. Na koma gida ba guga ba ruwa, na sha faɗa, ban ji zafinsa ba ko kaɗan.

Tun daga nan yake zuwa hira ƙofar gidanmu. Shi ke magana, ni ke saurare. Ban taɓa ce masa ina son sa ba. Matan da ke cikin labaran da nake karantawa a telefon baki gare su, ni kuwa maganata takan taso ta kai maƙogwaro ta koma, abin da ke fitowa bai wuce "to" da "Allah shi kai mu" ba.

Matsalar tana wurin Baba. Mijin yayata ya tafi Libiya tun tana goyon fari, yanzu yaron yana kiwon awaki, uban kuwa murya kawai yake turowa. Don haka Baba Hamidu ya rantse ba ya ƙara ba da ɗiya ga mijin telefon. Duk mai so na, sai ya nuna sana'ar da za ta zaunar da shi a gida. Mahfuzu yana da gadon garkar albasa a gangare, kawunsa ke noma ta, amma a wurinsa noma aikin waɗanda ba su ga duniya ba ne. Ga shi kaka ta yi, motocin Agadas sun fara ɗibar samari. In bai samu sana'a ba, shi ma zai hau, ni kuma in zauna jiran murya kamar yayata, ko muryar ma in rasa.

Baba yana da wani tsohon doki, Bikili, wanda yake yi wa magana fiye da yadda yake yi mana. Hanyar kasuwar Ibohamane ta kan dutse take bi, duwatsun sun cinye wa Bikili kofato har ya fara ɗingishi. Wata la'asar Baba yana tsugune yana shafa masa man shanu, ni ina zaure ina tsintar wake, sai ga Mahfuzu.

Ya ce, "Baba, wanga aikin da na. Yanzu doki takalmi aka sa mishi."

Baba bai ɗago ba. "Na roba ko na hwata?"

"Na ƙarhe. Ai aikina na a Libiya, gidan wani Balarabe mai dawaki. Dokin da nis sa ma takalmi sai an ɗaure shi da sarƙa, don in ya hwara gudu sai Tunus aka tsinto shi."

"Kai?"

"Ni, Baba. Ba ni mako biyu, in gina maƙera irin ta Turai, ka ga aiki."

Baba ya goge hannu a wuyan doki, ya daɗe yana kallon sa. Ya ce, "To. Ran da Bikili ya taka kasuwa bisa takalminka ba ɗingishi, turo magabatanka. In ko ka ɓata mini doki, ko inuwar gidan ga kak ka ƙara bi."

Waken da ke hannuna ya zube. Mahfuzu ya leƙo zaure ya kashe mini ido, kamar an riga an shafa fatiha.

A garinmu ƙira gado ce. Wanda ba ɗan gado ba, in zai hura wuta don ƙarfe, ko lauje zai miƙe, sai ya kai goro gidan maƙera an sa masa albarka. Babban maƙerinmu shi ne Mutari, tsoho mai baki kamar barkono. Su Mahfuzu kuwa Buzaye ne, tsakaninsu da maƙera akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa ya zagi kowa ba a kai ƙara. Da labari ya kai wa Mutari, bai tsaya sa riga ba, ya zo.

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku kwashe ɗiyanku! Buzu za shi ƙira!"

Mahfuzu ya ce, "Tsoho, zamaninka ya wuce. Kai hwatar akuya kaka matsawa kana hawaye. Ni da tekniki za ni aiki."

"Na ji. Ina gorona?"

"A Libiya ba a ba wuta goro."

"Madalla," in ji Mutari. Ya koma gida ya ɗauko ƴar kujerarsa ta tsuguno, ya dasa ta dab da wurin aiki, ya ce shi ɗan kallo ne.

Wurin aikin fili ne a bayan gidan su Mahfuzu, jikin rumbun Inna Cima, wata gwauruwa mai tuyar ƙosai da ba ta da komai a duniya sai rumbun nan da kajinta. Mahfuzu ya samo tsohon jantin mota, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya ce nan ne cikin maƙera. Ya sayo buhun gawayin ƙasa daga Tawa, irin baƙin dutsen nan mai wari, ya ce gawayin ƙirya na masu tsoro ne. Abin da zai ɗora jantin a kai kuma, ya sauka ƙorama ya zaɓo duwatsu masu santsi, masu kyau, da sauran laimar damina a jikinsu.

Inna Cima ta leƙo ta kan darni ta ce, "Kai ɗan nan, duwatsun ƙorama? Ko murhun kunu ba a yi da su."

"Inna, wanga ba kunu ba na."

Gawayin ya ƙi kamawa, sai ya tula kara da itace a ƙarƙashi da kewaye, wuta ta tashi ta lulluɓe duwatsun. Samarin fada, masu zaman shan shayi, sun taru, Mahfuzu yana yi musu bayanin yadda Turawa ke auna zafi da ido. Yana cikin bayani sai tas! Kafin a juya, wani tas, ya fi na fari. Wani ya yi ihu, "Sun zo!" Nan fili ya watse. Maza masu gemu suka shige ƙarƙashin amalanke, mai shayi ya gudu da buta ya bar kofuna. Da ƙura ta lafa, sai ga randar Inna Cima ta rabu biyu ruwa yana bin gari, zakaranta kuma yana zagaye ba wutsiya.

Mutari ya fito daga bayan turmi, ya kakkaɓe, ya ja kujerarsa baya har gindin itacen bedi.

Mahfuzu ya nuna shi da yatsa. "Kun gani? Shi yaɗ ɗaure mini wuta!"

"Ni?" in ji Mutari. "Wutar da taf fasa randa ce ɗaurarra? In na sake ta hwa?"

Kashegari aka sauya duwatsu da tubali, sai maganar iska ta taso, don gawayin ƙasa ba ya ci sai ana hura shi. Mutari ya aiko a gaya masa akwai tsohon zuga-zugi a gidansa, ya zo ya ɗauka, goro ɗaya ya isa. Mahfuzu ya ce a gaya wa tsoho ya yi ganga da shi. Ya yanko tiyon ban-ruwa daga garkar kawunsa, ya cusa baki ɗaya ƙarƙashin janti, ɗaya bakin ya ɗaure shi a bututun hayaƙin moto, wato babur, na wani abokinsa.

Ya ce, "Moto na hidda iska ko ba shi hiddawa? To, mi ar ranar hwatar akuya?"

Aka tada moto. Mahfuzu ya tsuguna ya kafa fuska a kan janti don ya ga tashin wuta, ya ce a murɗa. Aka murɗa. Ƴar wutar da ke ciki ta mutu nan take. Ya ce a ƙara. Tiyo ya kumbura kamar maciji ya haɗiye kwaɗo, ya yi laushi, ya fashe, duk tokar janti da baƙin hayaƙi suka tashi gaba ɗaya. Da Mahfuzu ya ɗago, idanu da wushirya kawai ake gani.

Mutari ya yi kira daga gindin bedi, "Sannu da aiki, enjenyer! Hayaƙi kaka ciyar da wuta? Kai in kana jin yunwa gyatsa aka ba ka?"

"Man moton ne ba shi da kyau. Na bunburutu na."

Mai moto ya ce, "Kai dai biya ni tayata da tiyon kawunka ya narke bisanta," ya tura abinsa ya tafi.

Ina tsaye can cikin mata da tulu a kai, suna ta taɓa ni da gwiwar hannu. Wata ta ce, "Mansura, angonki ya sha lalle tun ba a sa rana ba." Na yi kamar ban ji ba. Gaskiya dariyar tana cin cikina, tsoro kuma yana cin ta.

A karo na uku abin ya kama. Ya aro bantilater, wato fanka, da batirin sola, ya nannaɗe gwangwani ya yi mazurari, iska ta shiga ta ƙasa. Wuta ta yi gurnani, gawayi ya yi ja, ya yi fari. Har Mutari ya miƙa wuya. Mahfuzu ya cusa guntun rasor, wato ƙarfen sifirin na mota, a ciki, ya juya wa wutar baya, ya hau kan turmi.

Ya ce, "Jama'a, yau Adar ta shiga zamani. Daga Keita har Buza har Madawa, ba dokin da za shi ƙara tahiya huntu. In na gama da dawaki in koma jakkai. Raƙumma su jira, sai na yi odar babban janti."

Wani ya ce, "Mahfuzu, ƙarhenka na tartsatsi."

"Hakanan shika yi. Murna ta."

Ya ci gaba da jawabi har ya kai ga reshen da zai buɗe a Yamai. Da ya sauko ya kama rasor da awartaki ya jawo, rabi ya fito, rabin ya zama ruwa a cikin janti. Tartsatsin kuwa bantilater ya yi ta kwasar sa yana aikawa sama, iska tana ajiye shi a kan hular rumbun Inna Cima. Ba wanda ya lura sai da kajin suka fara kuka.

Tuluna aka fara juyewa. Mata suka yi layi daga rijiya, maza suka ture hular da sanduna. Hatsi ya tsira, sai dai har yau in an yi fura da shi ƙauri take yi. Inna Cima ba ta tsaya godiya ba, ta fito da muciya, ta bi Mahfuzu suka zagaya masallaci.

Yana gudu yana cewa, "Inna, hular ta tsuhwa! Dama sauyi taka so!"

"Tsaya in sauya maka taka!"

Samarin fada suka yi mata sabuwar hula don a zauna lafiya. Mutari kuwa ya ƙetare hanya da kujerarsa, ya koma bakin shagon tela, daga can yake kallo da hannu a goshi.

Ran nan da la'asar Mahfuzu ya zo hira ba gira ko ɗaya. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Mansura, wani ɗan aiki za ki yi mini. Ki auno mini ƙahwar Bikili."

"Ga shi can turke. Shiga ka auna."

"A'a, ban son in tada mishi hankali. Doki na jin warin gwani, sai shi ruɗe."

Bikili ya yi atishawa daga cikin gida. Mahfuzu ya miƙe tsaye bai sani ba. A nan na gane. Mutumin da ya ɗaure dawakin Libiya da sarƙa bai taɓa riƙe ko linzami ba. Na tsinko kaba na shiga, na ɗaga ƙafar Bikili na zagaya ta, na ƙulla daidai, na kawo masa. Da zai karɓa yatsunsa suka taɓa nawa, duk sun yi bororo saboda ƙuna.

Ya duba kabar, ya kwance ƙullin, ya matsar da shi gaba da kusan taƙi guda.

Na ce, "Don mi?"

"Ƙari. Ke ba a taɓa saya miki takalmin salla ba? Uwata kullum da ƙari taka saya mini, ta cusa tsumma, in shekara uku ina sawa."

"Bikili ya gama girma, Mahfuzu. Ya kusa girmata."

"To ai ƙarhe na ƙanƙancewa in ya huce." Ya ƙara matsar da ƙullin. "Wanga na hucewa na."

Kwana da kwanaki garinmu bai ji kiran salla sosai ba saboda bugun ƙarfe. Kan tsohon injin nika yake bugu, da marto, wato guduma, irin na masu fasa dutse. Abin da ya fito guda huɗu ne, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ɗaya kamar lauje, ɗaya kamar kunnen tukunya, ɗaya ban san da me zan kwatanta shi ba. Na huɗun ne abin alfaharinsa, ya lanƙwasu har bakinsa ya kusa haɗewa, faɗinsa ya kai murfin kwano.

Ya tura murya a wasaf cewa ranar kasuwa da hantsi kowa ya zo ya ga tarihi. Aka kuwa zo. Masu tafiya Ibohamane suka tsaya da jakunansu, mai gari ya sa aka kawo masa tabarma. Inna Cima ta jera bokitan ruwa kewaye da rumbunta ta zauna a tsakiya da muciya. Mutari ya hau kan katangar tela. Mahfuzu ya fito ya ɗaura buzun sallar kawunsa a ƙugu, wai haka maƙeran Turai ke yi. Wuta tana ci, bantilater yana juyi.

Baba ya jawo Bikili. Mahfuzu ya tsaya nesa ya yi wa dokin sallama da Larabci. Bikili ya hura hanci. Kafin ka ce me, gwanin yana bayan Inna Cima.

Ta ce, "Hita nan! Ni ba garkuwa ba ta."

Baba ya ce, "Ka zo ko in tahi kasuwata?" Ya sunkuya ya ɗaga ƙafar gaba da kansa.

Mahfuzu ya zaro babban takalmin daga wuta, ja wur, ya nufo su. Ya ce a bidiyo da zafinsa ake manna shi, kofato ya yi hayaƙi.

Baba ya daka masa tsawa. "Kul! Wuta ga ƙahwar dokina? Manna ma taka mu gani tukuna."

Sai ya tsoma shi cikin bahon ruwa, ya yi cuu, tururi ya tashi, Bikili ya fara rawar kunne. Mahfuzu ya matso yana karanta duk addu'ar da ya sani, ya rufe ido, ya kai takalmi. Kofato ya shige ta tsakiya salin alin, takalmi ya wuce sama ya zauna a kan idon ƙafa yana lilo.

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Mutari ya yi ihu daga kan katanga, "Barka, Hamidu! An sa ma amarya munduwa! Saura ƴan kunne!"

Mutane suka zube ƙasa. Mai gari ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ce, "Hidda shi."

Mahfuzu ya ja, ya ƙi fita. Ya murɗa, ya ƙi. Ya ce, "Ai sabon samfuri na, daga sama shika kare ƙahwa." Baba ya dube shi, sai ya ruga ya ɗauko marto, wai zai ɗan buɗa bakin. Bugun farko ya samu ƙarfe. Na biyu ya samu Bikili.

Ban ga harbin ba, na dai ga Mahfuzu a sama, buzu yana kaɗawa, sannan na ji faɗuwarsa cikin baho. Bikili ya fizge, igiyarsa ta sarƙe wayar bantilater, bantilater ya ja mazurari, mazurari ya kifar da janti. Garwashi ya bazu cikin taro. Masu takalmin roba suka fara rawar da ba a koya musu ba. Jakuna suka watse da kaya, albasa da tumatir suna gangara. Doki ya miƙe gangare, munduwa tana ƙara, bantilater yana bin sa yana tsalle. Wani garwashi guda kuma, Allah kaɗai ya san yadda ya tsallake bokitai, ya sauka kan sabuwar hular rumbu.

Inna Cima ba ta ko tashi ba. Ta dubi sama ta ce, "Ya Allah, mi niy yi ma Buzaye?"

An kashe wutar. An samo Bikili a garkar kawun Mahfuzu yana cin ganyen albasa, ƙafarsa ta ɗan kumbura amma ba karaya. Cire munduwar ya gagari kowa, dole aka je wurin Mutari. Ya sauko daga katanga a hankali, ya miƙa hannu ya ce, "Gorona." Kawun Mahfuzu ya saya ya ba shi. Ya ɓare, ya tauna, ya yi hamdala, sannan ya datse ƙarfen, ya rataya shi a wuya ya ce zai kai wa jikokinsa su ga abin da Buzu ya haifa.

Bayan azahar aka taru gindin bedi gaban mai gari, maza a gaba, mu mata a baya jikin darni. Mahfuzu yana tsakiya a jiƙe, da shaidar kofato a cinyar wando. Inna Cima ta lissafa randa, wutsiyar zakara, hula ta fari, hula ta biyu. Mai gari ya saurara, ya ce abin da aka saba yi shi za a yi. Mutumin da ya zame wa gari haɗari, ko dai wani ya miƙe ya ce ya ɗauke shi, duk ɓarnar da ya ƙara a wuyansa, ko kuwa ya ba gari wuri.

Ya ce, "Wa ka ɗaukar Mahfuzu?"

Kawunsa ya dubi sama kamar mai neman wata. Samarin fada duk suka tuna suna da saƙo a telefon. Ba wanda ya miƙe.

Baba ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah. Ka taɓa sa ma doki takalmi?"

Mahfuzu ya sunkuyar da kai. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. "Kwanoni nika wankewa, Baba. Gidan dawakin na tsallaken titi. Ta taga nika hangen su." Ya share ruwan da ke ɗiga daga gashinsa. "Amma dai takalmin ya shiga, ai kowa ya gani."

"Ka ji ko!" in ji Mutari.

Ba wanda ya yi dariya sosai. Mahfuzu ya miƙe ya ce, "Ba komi. Gobe akwai motar Agadas." Ya juyo ya dubi wajen mata, bai kashe ido ba, bai yi murmushi ba. Ya dube ni kawai.

Maganar ta taso mini kamar kullum, ta kai maƙogwaro. Na jira ta koma. Ta ƙi.

Na ce, "Ni na ɗauke shi."

Kawuna suka juyo. Baba ya ce, "Wa yay yi magana?"

"Mansura ta," in ji matan, suka matsa suka bar ni a fili.

Mai gari ya gyara zama. "Ɗiyata, da wace alaƙa za ki ɗauke shi? Ke ba uwatai ba, ba ƙanwatai ba."

Kafin in samu amsa Inna Cima ta rarrafa gaban Baba. "Hamidu, don girman Allah ka ba ta shi. Rumbu guda gare ni. In yat tahi Libiya dawowa za shi yi da wata dabara. Gara a ɗaure shi nan inda aka ganin shi."

Baba ya ce, "Ni mai sana'a nic ce."

Na ce, "Garkar albasa na nan, Baba. Can da ruwa aka aiki, ba wuta."

Mutari ya ce, "Ruwa? Kun manta rijiyar gangare? Har yau takalminai na ciki."

Na ce, "Ni ka jan ruwan. Shi ya bi kwamin albasa."

Mahfuzu ya ɗago, ƙarfinsa ya fara dawowa. "Ai ban-ruwa ma akwai wani tekniki da nig gani a..."

Gari duka ya ce, "Yi shiru!"

Baba ya daɗe yana kallo na, kamar yau ya fara gani na. Ya dubi Bikili da ke ɗaure can yana warin albasa. Ya ja tsaki, ya ce, "Shekara nawa ina jiran in ji muryar ɗiyar ga, ashe wanga taka ajiye ma ita. To, in da gaske kike, hwaɗi da ƙarhi garin ga duk shi ji. Gobe kar wani shi kawo mini ƙara."

Na gyara mayafi, na fito gaban tabarmar mai gari, na dubi mutumin nan jiƙaƙƙe marar gira, na ɗaga murya yadda ban taɓa ba.

"Mahfuzu, ka ji, jama'a ku shaida. Ina son ka tun ran guga, kuma na ɗauke ka har ran da Allah ya raba. Na yi ma garin ga alkawali, in dai ina da rai, hannun ga naka ba shi ƙara taɓa ashana. Ko shayi kaka so, zamna, ni ka hura maka wuta."